Hoton siffa zalla: yadda masu kyamara suka mayar da benaye da masana'antu abin kallo

Hoton siffa zalla, wanda Faransawa ke kira « photographie abstraite », shi ne hoton da mai ɗaukarsa bai damu a gane abin da ke ciki nan take ba. Abin da yake so ido ya fara kamawa shi ne layi, da inuwa, da launi, da yadda abu ɗaya ke maimaita kansa. Idan aka juya irin wannan ido ga birni ko masana'anta, sai bene mai hawa talatin ya koma tamkar saƙar tabarma, bututun matatar mai kuma su koma kamar zaren da ya harɗe. Wanda ya saba da aikin babbar riga, ko zanen da magina ke yi a fuskar soro a Damagaram da Zariya, ba zai sha wuyar fahimta ba, don aska takwas da ke ƙirjin riga siffa ce da ake kallo don kanta, ba wanda ke neman yin aski da ita. Sai dai shi maɗinki daga kansa yake fitar da zanensa. Mai kyamara kuwa dole ya samo nasa a jikin wani abu da ke tsaye a duniya, wanda wasu suka gina, wasu kuma ke aiki ko kwana a cikinsa.

A nan gardamar da ta bi wannan fanni tun farkonsa ta samo asali. Kafin siffa ta fito fili, sai an cire wani abu daga hoton: ko sararin sama, ko ma'aikata, ko sunan kamfani, ko unguwar da hayaƙin ke sauka a kanta. Wanda ya bi tarihin fannin na sama da shekara ɗari zai ga cewa kowane gwani da abin da ya zaɓa ya cire.

Mafari

Ɗaya daga cikin na farko shi ne Alvin Langdon Coburn, ɗan Amurka. Ya hau saman wani dogon bene a New York, ya leƙo da kyamara kan dandalin Madison lokacin da ƙanƙara ta rufe shi, sai hanyoyin ƙafa da aka share suka fito kamar hannuwan wata halittar teku mai hannu takwas. An nuna hoton a Landan a 1913. A 1917 ya ƙara gaba, ya haɗa madubai uku a gaban kyamara, ya fitar da hotunan da ba a iya cewa ga abin da ke ciki.

Masana'antu sun shigo da ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1920, kuma kuɗin kamfani ne ya buɗe ƙofar. A 1927 aka ɗauki Charles Sheeler aikin ɗaukar hotunan masana'antar motoci ta Ford da ke River Rouge, kusa da Detroit, don talla. Ya yi kusan mako shida a wurin. Hotonsa da ya fi shahara na wasu dogayen hanyoyin jigilar kaya ne guda biyu da suka gitta juna a sama, da bututun hayaƙi a jere a bayansu. Wuri ne da dubun dubatar mutane ke aiki, har adadinsu ya haura dubu 100 a shekarun 1930, amma da ƙyar ake ganin mutum a hotunan Sheeler.

A Paris, Germaine Krull ta fitar da kundinta mai suna Métal a 1928, hotuna 64 na ƙarafan hasumiyar Eiffel da injinan ɗaga kaya na tashoshin jiragen ruwa, waɗanda ta ɗauka daga ƙasa ko a karkace har mai kallo ya rasa ina ne sama. (Wannan baiwar Allah ce daga baya, lokacin yaƙin duniya na biyu, ta yi aikin hoto a Brazzaville ƙarƙashin gwamnatin Faransa mai ƴanci ta Janar de Gaulle.) A shekarar dai, a Jamus, Albert Renger-Patzsch ya buga littafi mai hotuna 100 na tsirrai da injuna da gine-gine. Shi ya so a sa masa suna « Abubuwa » kawai, amma mai buga littafin ya zaɓi sunan da ke nufin duniya kyakkyawa ce. Wannan suna ya ja masa suka. Marubuci Walter Benjamin ya ga cewa irin wannan hoto na iya ƙawata komai, har da talauci, kuma a 1931 ya kawo maganar abokinsa Bertolt Brecht cewa hoton masana'antar Krupp kusan ba ya gaya wa mutum komai game da yadda kamfanin yake. Har yau duk mai sukar fannin, ya sani ko bai sani ba, wannan maganar yake maimaitawa.

Bernd da Hilla Becher

Babu waɗanda suka yi tasiri a wannan fage kamar wasu mata da miji ƴan Jamus, ko da yake su ba su taɓa ɗaukar kansu masu hoton siffa zalla ba. A ganinsu aikin ajiye shaida suke yi.

An haifi Bernd Becher a 1931 a garin Siegen, yankin da aka daɗe ana haƙo ƙarfe da narka shi. Zane ya koya, kuma da fensir yake zana ma'adinan garinsu. A 1957 ya je zana wata ma'adina da ake rushewa kusa da Siegen, sai ya ga masu rusau sun fi hannunsa sauri, abin da ya fara zanawa yau gobe babu shi. Dole ta sa ya ɗauki kyamara. Ita kuwa Hilla, an haife ta a Potsdam a 1934, ta koyi sana'ar hoto tun tana budurwa kafin ta bar Jamus ta Gabas. Sun haɗu a Dusseldorf a 1957, suka fara aiki tare a 1959, suka yi aure a 1961. Daga nan har rasuwar Bernd a 2007, kusan shekara hamsin, aiki ɗaya suka yi ta yi. Sukan shiga motarsu ƙirar Volkswagen, wadda a cikinta suke kwana wani lokaci, su bi yankunan kwal da ƙarfe na Jamus, da Beljiyam, da arewacin Faransa, da Birtaniya, da Amurka. Abin da suke nema shi ne tanderun narka ƙarfe, da hasumiyoyin da ke bakin ramin kwal, da rumbunan gas, da rumbunan hatsi na kankare, da hasumiyoyin ruwa.

Ƙa'idojinsu ba su da yawa, amma ba sa karya su. Hoto baƙi da fari ne, da babbar kyamara mai ƙafa uku wadda ke fitar da kowane ƙusa da kowane tsatsa. Ba sa ɗauka sai ranar da gajimare ya rufe rana, don kada inuwa ta ɓoye wani sashe na ginin ko ta ƙara masa kwarjinin da ba nasa ba, shi ya sa sama a hotunansu kullum fara ce fat ko toka-toka. Sukan hau tsani ko rufin wani gini don kyamara ta daidaita da tsakiyar abin, kada ya fito kamar zai faɗi baya. Abin yana tsakiyar hoton, ya cika shi. Babu ma'aikaci, babu hayaƙi, babu motar da ke wucewa. Wani lokaci sai sun yi kwanaki suna jiran irin hasken da suke so, bayan doguwar wahalar neman izini daga masu kamfani, waɗanda da yawa ba su ga abin ɗauka a tsohon tanderu ba.

Hoto ɗaya na hasumiyar ruwa bai wuce hoton hasumiyar ruwa ba. Hikimar tana wurin jerawa. Sukan ɗauki tara, ko goma sha biyu, ko goma sha biyar masu aiki iri ɗaya, su jera su a bango sahu-sahu, uku bisa uku ko fiye. Da zarar an jera, ido ya daina tambayar mene ne wannan, ya koma kwatantawa: wannan kansa kamar ƙwarya a kife, wancan kamar tulu, na gefe kamar mazurari, ga mai ƙafa huɗu, ga mai ƙafa ɗaya. Dukkansu ruwa suke riƙewa a sama don ya gangaro da ƙarfi cikin famfo, amma injiniyan Faransa da kankarensa daban, na Jamus da ƙarfensa daban, na New York da tankinsa na katako a kan rufi daban. Mazauna Yamai, inda ake kiran unguwa sukutum da sunan hasumiyar ruwanta, wato Château 1, sun san yadda irin wannan gini ke zama alamar kwatance ba tare da kowa ya tsaya ya dube shi da kyau ba. Abin da su Becher suka yi shi ne tilasta wa mutane tsayawa.

Littafinsu na 1970 sunansa Anonyme Skulpturen, wato sassaƙe-sassaƙen da ba a san masu su ba. Bayan shekara ashirin, a 1990, bikin nunin fasaha na Venise ya ba su babbar lambarsa ta zinariya, kuma a ɓangaren sassaƙa aka ba su, alhali ba su taɓa sassaƙa ko turmi ba. Kafin nan, a 1975, su kaɗai ne ba ƴan Amurka ba a cikin wani nuni mai suna New Topographics da aka yi a Rochester, wanda ya tara masu ɗaukar wuraren da ba wanda ke ce musu kyawawa, irin su ɗakunan ajiyar kaya, da filayen ajiye motoci, da sababbin unguwannin bayan gari.

An soke su, kuma sukar tana da tushe. Masana'antun yankin Ruhr sun ci rayuka a ƙarƙashin ƙasa, sun kuma ƙera makaman yaƙe-yaƙe biyu na duniya, amma mai kallon waɗannan hotuna masu tsabta ba zai ga ko alamar haka ba. Sai dai akwai abin da za a ɗora a ɗaya gefen ma'auni. Galibin gine-ginen da suka ɗauka yanzu babu su. Ramin kwal na ƙarshe a arewacin Faransa, na Oignies, an rufe shi a watan Disamba na 1990. Na ƙarshe a Jamus mai haƙo baƙin kwal, Prosper-Haniel a Bottrop, an rufe shi a Disamba 2018. Ga wurare da yawa, hoton su Becher ne kawai cikakkiyar shaidar yadda suke. Akwai ma inda hoton ya tsayar da rusau: a ƙarshen shekarun 1960 sun shiga fafutukar ceto ɗakin injuna na ma'adinar Zollern a Dortmund, aka fasa rushe shi, yau gidan tarihi ne. Lokacin da UNESCO ta sa masana'antar ƙarfe ta Völklingen cikin kayan tarihin duniya a 1994, da ma'adinar Zollverein ta Essen a 2001, da yankin kwal na Nord-Pas-de-Calais a 2012, tuni idon Turawa ya saba da kallon tanderu a matsayin gini mai daraja, kuma su Becher na cikin waɗanda suka saba masa. Hilla ta rasu a 2015.

Ɗalibai, launi da kwamfuta

Daga 1976 zuwa 1996 Bernd ya koyar da hoto a makarantar fasaha ta Dusseldorf, kuma kowa ya san Hilla ma malama ce a wurin ɗaliban ko da ba ta riƙe muƙami ba. Daga ajinsu ne Thomas Struth, da Candida Höfer, da Thomas Ruff, da Andreas Gursky suka fito. Sun riƙe natsuwar malamansu da tsayawa nesa da abu, amma suka shigo da launi da girma.

Gursky ne ya fi nisa wajen mayar da birni zane. A 1993 ya ɗauki wani dogon ginin gidaje a Montparnasse, cikin Paris, wanda Jean Dubuisson ya tsara a shekarun 1960, mai gidaje sama da 700. Ginin ya fi ƙarfin ɗauka ɗaya, don haka ya ɗauke shi kashi biyu ya haɗe a kwamfuta. Hoton ya kai kusan mita huɗu a faɗi, kuma ba a ganin inda ginin ya ƙare ta dama ko ta hagu. Daga nesa ɗaruruwan murabba'ai ne masu launi. Idan aka matso sai a ga kowane murabba'i tagar wani ce, ga labule, ga fitila, ga wani zaune.

Hotonsa mai suna Rhein II, na 1999, ya fi jawo magana. Kogin Rhin ne kusa da Dusseldorf, amma abin da ido ke gani layuka ne a kwance, kore da toka-toka, ciyawa da ruwa da sama. A zahiri akwai ginin masana'anta a ƙetaren kogin, akwai masu yawo da karnuka a bakinsa. Gursky ya goge su da kwamfuta, bai kuma ɓoye cewa ya goge ba. A watan Nuwamba na 2011 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da kwafi ɗaya a New York kan dala miliyan 4 da dubu 338, wato sama da miliyar 2 na kuɗin sefa a canjin lokacin, farashin da ba a taɓa sayen hoto da shi a gwanjo ba kafin ranar. Malamai sun yi ta tsere da masu rusau don kada masana'anta ta ɓace ba shaida, ɗalibi kuma ya ɓatar da tasa da hannunsa don layi ya miƙe.

Wani Bajamushen, Michael Wolf, wanda ya zauna a Hong Kong har rasuwarsa a 2019, bai buƙaci goge komai ba. Da gilashin kyamara mai jawo nesa yake ɗaukar benayen birnin, ya yanke sama ya yanke ƙasa, sai tagogi kawai su cika hoton daga gefe zuwa gefe. Irin wannan gilashi yana matse tazara, ya sa ginin gaba da na baya su manne kamar shafi ɗaya. Abin da ke tona cewa mutane na ciki shi ne shanyar tufafi da injinan sanyaya ɗaki.

Dabarun ke nan a taƙaice, kuma ba su canza sosai ba tun zamanin Coburn: a hau sama a leƙo, ko a matso ƙwarai, ko a yanke sararin sama don ido ya rasa ma'auni, ko a jera masu kama da juna. Haske kuma iri biyu ne. Akwai mai kaifi da ke yanka gini gida biyu, fari da baƙi, irin wanda Lucien Hervé ya yi aiki da shi lokacin da ya ɗauki hotuna 650 a rana ɗaya na ginin Le Corbusier a Marseille a 1949. Akwai kuma mai laushi marar inuwa na su Becher, wanda a ƙasashen Sahel hazon hunturu ne ke bayar da makamancinsa.

Afirka daga sama, da amsar da ta fito daga ƙasa

Edward Burtynsky ɗan Kanada ne, an haife shi a 1955 a St. Catharines, inda mahaifinsa ya yi aiki a masana'antar motoci ta General Motors. Ya yi suna da hotunan wuraren fasa dutse, da jan ruwan dattin ma'adinai na Sudbury a 1996, da gaɓar Chittagong ta Bangladesh inda ake farfasa tsofaffin jiragen ruwa. Daga baya ya koma ɗauka daga jirgin sama da jirgi marar matuƙi. Littafinsa African Studies, na 2022, ya tattara aikin da ya yi a ƙasashe goma na Afirka. A ciki akwai ramukan gishiri na Senegal, da suka fito kamar ƙorai na rini iri-iri a jere, da gungumen katako da ke shawagi a gaban injinan tsaga katako na Legas, da wuraren tace ɗanyen mai na ɓoye a yankin Neja Delta, waɗanda ya ɗauka a 2016. A waɗannan na ƙarshe, man da ya malala kan ruwa yana walƙiya da shuɗi da ruwan zinariya a tsakanin matattun itatuwa. Hoton na da kyau ƙwarai, kuma nan ne matsalar take. Masu goyon bayansa na cewa kyan ne ke tsayar da wanda da ba zai kalli ɓarnar ba. Masu suka na cewa daga wannan tsawo ba a jin wari, ba a ganin masunci, ba a kuma ganin wanda ya ci riba.

Masu hoto ƴan Afirka da dama sun bi wata hanyar. George Osodi, ɗan Najeriya, ya shafe shekarun 2003 zuwa 2007 yana ɗaukar Neja Delta ɗin nan daga ƙasa, inda harshen wutar gas ke ci a bayan mata masu shanya rogo. Amsar da ta fi kusa da aikin su Becher kuwa ta zo daga Lubumbashi. Sammy Baloji, wanda aka haifa a can a 1978, ya ɗauki kangwayen masana'antun tagulla na kamfanin Gécamines a Katanga, da tsaunin dattin ƙarfe da dogon bututun hayaƙi da suka zama alamar birnin. Maimakon ya bar su wayam, sai ya tono tsofaffin hotuna baƙi da fari na zamanin mulkin mallakar Beljiyam, na ma'aikata ƴan ƙasa, wasu da sarƙa a wuya, da na Turawan da ke kansu, ya ɗora su a gaban kangwayen. Sunan aikin Mémoire, na 2006, kuma ya samu lambobin yabo a bikin hotuna na Bamako a 2007. Mutanen da fannin ya saba cirewa, Baloji ya mayar da su cikin hoton.

Yankin Sahel ma yana da gine-ginen aiki da suka zo suka wuce. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda buhunanta ke jere tamkar an auna da zare, yau a hoto kawai ake ganinta. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 2000. Ɗaukar irin waɗannan wurare ba abu ne mai sauƙi ba, don a ƙasashe da yawa na yankin ɗaukar hoton gada, ko filin jirgin sama, ko matatar mai, ko tashar lantarki ba da izini ba na iya kai mutum ofishin jandarma. A Akouta, kusa da Arlit, kamfanin Cominak ya fara fitar da yuraniyom a 1978, ya kuma dakatar da haƙa ranar 31 ga watan Maris na 2021. Ya bar kimanin tan miliyan 20 na dattin ma'adinin a tsibe cikin hamada, kuma a lokacin rufewar an tsara cewa aikin kwance gine-ginen da binne tsibin zai ɗauki kamar shekara goma.